Yadda na sa wa motata ƙafar agwagwa

Bakanikena ya hana ni, gara in faɗa tun farko. Cewa ya yi, "Oga, Bajamushen da ya ƙera motar nan ba wawa ba ne." Na ce masa Bajamushe bai taɓa ganin yadda ake shiga biki a Kano ba.

Motar BMW ce, 330i ƙirar E46, mai silinda shida. Shekarunta sun ja, amma in ka taka ta tana amsawa. Taya 225/45 R17 take takawa, lafiya lau. Abin da ya ɓata ni hoto ne na gani a Instagram: irin motata sak, tayoyin baya sun cika ramin bodi, ta durƙusa kamar damisa. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. A na huɗu na kwashi kuɗin ragon layya na nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa.

Mai shagon ya fito da rim inci 18 guda huɗu, na babbar yayarta E39. Ya ƙirga mini ramukan noti da yatsa: biyar, 5x120, daidai da nawa. "Uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji." Ni da ko Jidda ban taɓa gani ba, nan take na zama Alhaji, na biya. Na haɗa da taya 265/35 na baya, 'yan Beljiyam.

Abin da bai ƙirga mini ba shi ne wata lamba da aka buga a bayan rim ɗin, ET. Ita ke nuna yadda ƙafa za ta shige ciki ko ta leƙo waje. Tawa ta asali 47 ce, wannan kuwa ashirin da 'yan kai. Ga faɗi kuma. Da mai faci ya sauke jak, tayoyin baya sun fito waje da yatsu uku cur. Wani yaro mai sayar da rake ya tsaya ya ce motar ta yi gwame. Na ce yaro ne, me ya sani.

Ni kaɗai a ciki, ba laifi, sai dai sitiyari da ke kakkarwa da zarar na kai 90. Ashe ramin tsakiyar rim ɗin milimita 74.1 ne, cibiyar motata 72.6, akwai wani zobe da ake sawa ya cike giɓin. Wa ya gaya mini? Na ɗauka ƙarfin inji ne.

Ranar Asabar aka ce in kai su Goggo ɗaurin aure Wudil. Goggo, Allah ya ƙara lafiya, ba ƙaramar mace ba ce, kuma ƙawayenta biyu ba su bar mata komai ba. But ɗin ya sha kuloli da buhun shinkafa. Mota ta zauna. Tun kafin mu fita unguwa, ramin farko, sai "ƙiiiit!"

"Kai ɗan nan, akuya ka ɗaure a baya?"

"A'a Goggo, kwalta ce."

Kowane rami sai akuyar ta yi kuka. Taya mai lamba 35 ba ta da tsoka, ko tsakuwa ka taka sai ta gaisa da ƙugunka. Wajen Mariri warin roba ya cika motar, ɗaya daga cikin ƙawayen ta fara salati da ƙarfi. Na tsaya na duba: leɓen bodin ya yi wa gefen tayar aski, roba na zuba siri-siri kamar taliyar Hausa, fenti ya tsage.

Goggo ta fito, ta zagaya motar, ta daɗe tana kallon ƙafafun.

"Nawa ka biya aka yi maka wannan ɓarnar?"

Na faɗi rabin kuɗin. Ta riƙe baki.

Su suka ƙarasa Wudil a motar haya, da kuɗina. Ni na juyo ina tafiyar hawainiya, masu adaidaita na wuce ni suna ɗaga mini hannu. Bakanikena bai ce uffan ba, ya dai kira yaransa duka su zo su gani. Mai shagon kuwa ya ce kayan da aka ɗaura ba ya dawowa, kuma daga Alhaji na koma "Malam".

Layyar bana da maƙwabta muka haɗa kuɗi, kashi ɗaya cikin bakwai na saniya. Rim biyu na nan a shagon bakanike suna jiran wani mai Instagram. Ɗaya maiɗakina ta ɗora randa a kai, ta ce tun da muka yi aure ban taɓa sayo abin da ya zauna daidai kamarsa ba.