Tagar roba a gindin fadar Beynac

Wani mai gida a ƙauyen Beynac, a yankin Dordogne na Faransa, ya nemi ya cire tagogin katako na gidansa ya sa na roba don maganin sanyi. Aka ce masa a'a. Gidan nasa ne, kuɗin nasa ne, amma daga ƙofarsa ana hango tsohuwar fadar dutse da ke bisa tsauni, kusan mita 150 sama da kogi. Wannan kaɗai ya isa a hana shi.

An soma gina fadar a ƙarni na 12. A yaƙin shekara ɗari tsakanin Faransa da Ingila, Beynac tana ɓangaren Faransa, fadar Castelnaud da ke tsallaken kogi kuwa ta sha faɗawa hannun Ingilishi. An sa Beynac cikin gine-ginen tarihi a 1944, wani mutum mai suna Lucien Grosso ya saye ta a 1962 ya shiga gyara.

Dokar kare irin waɗannan gine-gine ta 1913 ce, a 1943 kuma aka ƙara mata kewaye na mita 500. Duk wanda zai taɓa fuskar gidansa a cikin kewayen, taga ce, rufi ne ko launin fenti, sai ya kai takarda ofishin magajin gari, a miƙa wa masanin gini na gwamnati. Amsar da ake samu cikin wata ɗaya a wani wuri, a nan sai wata biyu. Rufin tsoffin gidajen yankin na faffaɗan duwatsu ne da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, nauyinsu ya haura rabin tan a murabba'in mita guda, sai katako mai kauri ke ɗaukarsa. Bango kuwa da farar ƙasa ake cike shi. Siminti ba ya barin danshi ya fita, sai ruwa ya kwanta a cikin dutse, sanyi ya daskarar da shi, dutsen ya tsage.

Ai maginan Kano ma sun san wannan. Ka shafa wa ginin tubali siminti, damina biyu uku sai ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga: ƙasar ciki ta jiƙe ta zube, ɓawon kawai ya rage. Makuba da yaɓen shekara-shekara su ne maganin. Badalar da Sarki Gijimasu ya soma ta kai fadar nan tsufa, amma an kwashe ƙasarta an yi bulo, an gina shaguna a jikinta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti.

Na san dokar Faransa tana matse mai ƙaramin ƙarfi, tagar katako ba arha ba ce. Na kuma san dutse ba ya neman yaɓe kowace shekara, kuma baitulmalin da ke tallafa wa gyaran nan ya ci arzikin ƙasashe irin su Nijar. To amma hana a haƙi badala ba ya cin ko sisi.

Abin da ya fi cin rai shi ne magina. A Faransa saurayi yana shiga koyon jera rufin dutse, ya fito da takardar shaida, ana rububinsa. A gida jikan magini da ya iya ɗaurin guga da azara yana tashar bulo yana dako, don ba wanda ke kiransa aikin soro.