Labarin tarihi ba rawani da doki ba ne kawai

Littafin da ke hannuna a 'yan kwanakin nan shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma shi ya tono mini wata magana da ta shafi masu rubuta ƙagaggun labarai a kan zamanin da. Yawancin abin da ake turowa yanzu da sunan labarin tarihi, in ka cire rawani da takobi da doki, labarin Kano ta bana ne. Mutanen ciki tunaninsu na yau, bakinsu na yau, tufafin kawai aka aro musu.

Littafin ya fito a 1934, daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Ɗan ƙarami ne, zama ɗaya sai ka gama shi. Amma dubi inda ƙarfinsa yake. Bai tsaya wasa sarakuna ba. Yaro ya ɗauko, ya bi da shi hanyar da bayi suka bi: daga Kagara zuwa Kano, daga Kano a keta Sahara. Uwar ta fito nemansa, ita ma aka mai da ita baiwa, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Harin kamun bayi a littafin ba wani abin mamaki ba ne ga mutanen ciki, sana'a ce, har fadawa na yi wa Makau, mijin uwar Umar, sharri a kan rabon ganima. Wannan shi ne gaskiyar zamanin, kuma marubucin bai wanke ta ba. Aibinsa a wurina guda biyu ne: Umar ya cika sanyi, komai sai dai ya same shi, sannan dace ya yi yawa, kamar wurin nan da kura ta raba shi da wanda ya sace shi.

Ganɗoki na Bello Kagara, wanda suka fito tare, ya soma da ƙafar dama a yaƙin Kwantagora da Turawa, daga nan ya zarce ƙasashen aljanu. Yana da daɗi, ba musu, sai dai daga inda aljani ya shigo an bar tarihi an koma tatsuniya. Jikokinsa ne littattafan yaƙin nan masu birane marasa taswira. Ban raina su ba, a dai kira su da sunansu.

Wanda ke son rubuta na gaske, ya fara da taƙaita fili. Gari ɗaya, shekara biyu ko uku. "Zamanin da" ba lokaci ba ne. Kano ta 1851 da matafiyin nan Bajamushe Barth ya gani daban take da Kano ta basasar Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893, ita ma daban da ta bayan 1911 da layin dogo ya iso. In ba ka tsayar da shekara ba, za ka haɗa dogari da ɗan doka a ƙofar fada ɗaya, alhali ɗan doka na zamanin En'e ne.

Sai kuɗi, wanda nan ne aka fi faɗuwa. Kafin Turawa wuri ake kashewa. Keso guda wuri zambar ashirin ne, kuma a lissafin Barth wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa ɗaya, wato keso dala takwas ke nan, kafin darajar wuri ta ƙara faɗuwa a ƙarshen ƙarnin. Ka ga ke nan attajirinka ba zai sa hannu a aljihu ya biya kuɗin doki ba. Sai an shimfiɗa tabarma, an zube wuri, masu ƙirga sun zauna suna warewa biyar-biyar da yatsa, ana tara su tsibi-tsibi, mai saye da dillali na gefe suna cin goro. Shi ya sa manyan cinikayya sukan tafi da turmin zane, da gishiri, da doki, da bawa. Fage ɗaya irin wannan ya fi shafi goma na bayanin "tattalin arziki".

Tafiya ma haka. Matafiyin nan ɗan Birtaniya Clapperton ya yi kusan mako uku daga Kano zuwa Sakkwato a 1824. Saboda haka manzon da aka tura da hantsi ba zai dawo da amsar Sarkin Musulmi da la'asar ba. Labari na tafiya ne da saurin ƙafar doki, kuma wannan jinkirin kyauta ce ga marubuci: mutum zai yanke hukunci a kan labarin da ya riga ya tsufa. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi, da madugu da jagaba da uban dawaki, suna sauka zango-zango suna biyan fito a bakin kogi. Su da mayaƙa duk bayan kaka suke tashi, don da damina koguna sun cika, mutane na gona. Wanda ya fitar da runduna a tsakiyar marka bai tambayi abin da dawakin za su taka ba.

Ƙananan kaya kuwa su ke tona asiri. Ashana a ɗakin amarya a 1880, maimakon ƙyastu ko a ɗebo garwashi a maƙwabta. Fitilar kananzir maimakon ta mai da lagwanin auduga. "Ƙarfe huɗu daidai" a bakin mutumin da lokacinsa asuba ne, hantsi, walaha, azahar, almuru. Ga kalmomin aro da ke sulalowa ba a sani ba: soja, minti, oda, bokiti, tebur. Bayan ka gama rubutu, ware karatu guda na farautar waɗannan kaɗai. Sai dai kar a wuce gona da iri a cika kowane layi da tsohuwar kalmar da sai an buɗe ƙamusun Bargery. Lifidi da sulke da kwalkwali sun isa a gane zamanin.

Sarauta tana da nata tarkon. A Kano kafin 1903 hakimai a birni suke zaune, jakadu suke turawa ƙauyukansu karɓo haraji. Turawa ne suka tura su gunduma. Kuma bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama na da ƙarfin da wani ɗan sarki ba shi da shi. Ranar da Turawa suka shiga Kano a Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Kar daɗin labari ya sa ka ɗora shi a kan ganuwa.

A nan ne nake ganin ya fi kyau jarumin ya zama ƙagagge kuma ƙaramin mutum: marini a Ƙofar Mata, kuyanga, almajiri, mai kiwon dokin barde. Sarakuna da malamai na gaske a hango su daga nesa, suna wucewa a hawa ko ana jin umarninsu a bakin sanƙira. Dalili biyu ne. Jikokinsu na nan da rai, kuma ƙirƙira wa mutum maganar da bai yi ba, musamman a kan basasa, tsokano rigima ce. Na biyu, ƙaramin mutum shi ke da 'yancin shiga kasuwa da cikin gida da sansani. Don rayuwar cikin gida, labarin rayuwarta da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta faɗa wa Baturiya Mary Smith, wanda aka buga a 1954, ma'adini ne: aure, kishi, goyo, tsoron mahara, da yadda ake fansar wanda aka kama.

Abin rubutawa kuwa ga shi nan jibge. A Nijar Abdoulaye Mamani ya ɗauki Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899 ya yi littafi da Faransanci a 1980. Damagaram ta Sarki Tanimun da ganuwarta da igwoyinta na nan, ga boren Satiru kusa da Sakkwato a 1906. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne hijirar Sarkin Musulmi Attahiru a 1903: manoma sun bar gonaki, mata da goyo, ana ta binsa gabas da niyyar Makka, har aka yi karon ƙarshe a Burmi a watan Yuli. Waɗanda suka tsira suka ci gaba tare da ɗansa Muhammadu Bello, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Ɗauki mace ɗaya daga cikin wannan ayari, ka fara da daren da mijinta ya ce ta ɗaure kaya, ita kuwa ga irin gero ta tanada tana jiran ruwan shuka.