Ƙunshin Kati Ɗaya Ba Shi Ne Sauƙi Ba a Blackjack

Sababbin 'yan wasan blackjack, wato cacar kati da ake ƙoƙarin haɗa maki 21 ba tare da an wuce ba, kan ɗauka cewa teburin da ake raba ƙunshin kati ɗaya ya fi musu sauƙi. Gaskiya ne saukowa daga ƙunshi takwas zuwa ɗaya yana rage ribar gidan caca da kusan kashi 0.6 cikin ɗari, amma da yawa daga irin waɗannan tebura a Las Vegas, birnin caca na Amurka, suna biyan 6 bisa 5 maimakon 3 bisa 2 idan katunan farko biyu suka haɗa 21. Wanda ya zuba dala 10 zai ci 12 maimakon 15, kuma wannan ƙa'ida kaɗai tana ƙara wa gidan kusan kashi 1.4, wato fiye da ninkin abin da aka rage.