Yaron da unguwa ta san sunansa

A layinmu, can cikin Birnin Zariya, akwai wani yaro ɗan shekara 9 mai lalurar galahanga. Maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi, kuma da ya ga ƙofar zaure a buɗe, ya fice ke nan. Mahaifiyarsa ta gaji da ƙirga ranakun da ya ɓace mata, amma bai taɓa kwana a waje ba. Wata rana mai shayin bakin titi ne zai zaunar da shi a benci, ya gutsura masa burodi, ya aiki almajiri gida: "Maza ka ce wa Hajiya ɗanta na wurina, kada hankalinta ya tashi." Wata rana kuma ɗan acaɓa ne ya ɗauko shi daga wajen Babban Dodo. Da uban ya miƙa masa kuɗin mai, sai ya ce, "Haba Malam, ai ɗanmu ne."

Bara wani ɗan'uwansu ya matsa wa uban ya kwashe iyalinsa su koma Abuja, inda ya ce akwai makarantun irin waɗannan yara da ƙwararrun likitoci. Uban ya ƙi. Wasu sun ce ya tauye yaron, ni kuwa ina ganin ya yi lissafi mai kyau.

A babban gari, duk abin da unguwa ke yi wa wannan yaro kyauta sai an saya, in ma an samu. Mai tsaron ƙofa kuɗi ne, mai reno kuɗi ne, makarantar da ake yabo kuwa ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Ranar da yaron ya sulale ya hau titi, waɗanda zai gamu da su ba su san gidan ubansa ba, ba su san ƙarar hon na firgita shi ba. A nan kuwa har yaran makarantar allo sun san ba a yi masa tsawa, ana kama hannunsa ne a hankali. Uwar takan iya zuwa biki ko ta'aziyya ta bar shi wurin maƙwabciya, kuma wanda bai taɓa renon irin wannan yaro ba ba zai san darajar wannan hutu na awa biyu ba.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma duk mai ido ya ga inda aka kwana. Doka ce mai kyau, ina so a aiwatar da ita. Sai dai ko an bi ta sau da ƙafa, ba za ta sa mai shayi ya gane ɗanka ba.

Na san abin da za a ce mini, domin na ji shi da kunnena. Bakin da ke cewa "ɗanmu ne" shi ne ke raɗa cewa ɗan ruwa ne, ko an yi wa uwar sammu. Akwai gidajen da ke ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki don kada a ƙi auren 'yan'uwansa mata. Akwai kuma tausayin da ba ya hango wa gurgu ko makaho wata makoma sai kwanon bara. Wannan yana ƙona mini rai. Amma tsegumin unguwa yana da magani, tunda an san mai yin sa. Limaminmu ya taɓa ware huɗuba guda kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi wa Manzon Allah (SAW) ladanci, wanda a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Bayan wannan Juma'ar na ga dattijon da a da yake kauda kai ya tsaya yana gaisawa da yaron.

Inda uban ya yi sa'a shi ne Zariya na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Mutumin Soba ko Maƙarfi ko Hunƙuyi fa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota zuwa gashin ƙashi kowane mako ya sa iyaye da yawa sun haƙura. Su ma suna da maƙwabta na gari, abin da suka rasa shi ne mai duba yaron kusa da gida.

Wannan kuwa bai fi ƙarfin ƙananan hukumominmu ba. A sa mai gashin ƙashi ya riƙa zagaya asibitocin sha-ka-tafi ko da sau biyu a wata. A horar da malami ɗaya mai iya maganar kurame a kowace firamare ta tsakiya. Masu unguwanni kuma su tara matasa su rufe kwatocin lungu, domin da damina keken guragu ba ya iya wucewa daga zaurenmu zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai taku hamsin ba.