"Yaro ne, zai manta": abin da muke yi wa 'ya'yanmu ranar da aure ya mutu

Ranar da aka zo kwashe kayan ɗakin maƙwabciyarmu, ɗanta yana makaranta. Da gangan aka zaɓi lokacin. Wajen ƙarfe goma na safe a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, ƙannenta maza biyu suka fito da gado da katifa da kabet, mata suka sauke labule suka ƙulle kwanuka a cikin zannuwa. Kafin azahar an gama. Yaron, wanda shekarunsa ba su wuce bakwai ba, ya shigo da gudu kamar yadda ya saba, jaka a baya, ya tarar da ɗaki wayam. Babu abin da ya rage sai shatin kabet a jikin bango da ƙusar da ake rataye madubi. Ya tambayi ina Ummansa, aka ce masa ta je unguwa. Ya fito ya zauna a kan dakalin ƙofar gida, ko kayan makaranta bai cire ba, duk adaidaita sahun da ta kwano layin sai ya miƙe tsaye. Haka ya yi ta yi har aka kira magariba.

Ba a yi wata guda ba ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ɗan shekara uku. Aka yi ta dukansa a kai. Malamin Islamiyya ya aiko cewa haddarsa ta zube. 'Yan gidan suka fara ce masa miskili. Da na samu mahaifinsa, mutumin kirki wanda ban taɓa jin ya zagi kowa ba, na ce masa ina ganin yaron nan kewar uwarsa ce ke cin sa, sai ya ce da ni: "Malam, yaro ne, kwana biyu zai manta."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na ji ta a gidan saki, na ji ta a gidan makoki, na ji ta a bakin waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu. Kuma mun san ba gaskiya ba ce, domin kowanenmu yana ɗauke da wata rana ta ƙuruciyarsa da har yau bai manta ba. Ka tambayi dattijon da aka raba shi da uwarsa yana ƙarami, zai gaya maka kalar zanen da ta ɗaura ranar. Abin da muke kira mantuwa shiru ne kawai: yaro ya yi tambaya sau ɗaya, sau biyu, ya ga ana harararsa ko ana yi masa ƙarya, sai ya haɗiye.

A ƙasar Hausa mun daɗe muna magana a kan yawan mutuwar aure. Tun 2012 gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba, aka fara da mutum ɗari, kuma a watan Oktoba na 2023 an ɗaura aure 1,800 a rana guda. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya tayar da ƙura da batun dokar zamantakewar iyali. Duk wannan muhawarar a kan miji da mata take: wa ya yi laifi, wa zai auri bazawara, wa zai saya mata gado da katifa. Da wuya ka ji an tsaya an ce, to, 'ya'yan da aka bari a gidan farko fa, ya suka kwana?

Saki ba ya zuwa wa yaro shi kaɗai, da rakiya yake tafe. A rana guda yaro zai rasa uwa, ya rasa ɗakin da yake kwana, ya rasa mai sanin cewa ba ya cin miyar kuka sai da yaji. Sau da yawa har 'yan ɗakinsu ake rarrabawa: na goye ya bi uwa har a yaye shi, mace a kai wa gwaggo, namiji a damƙa wa matar uba, ko a ce ya isa karatu a haɗa shi da malami ya tafi gabas. Wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun yi wani bincike a birnin San Diego tsakanin 1995 da 1997, inda suka tambayi manya fiye da 17,000 abin da suka gani a gidajensu suna yara: duka, zagi, cin zarafi, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi, rabuwar iyaye. Kusan kashi biyu cikin uku sun gamu da aƙalla ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, illar taruwa take yi. Wanda ya gamu da huɗu ko fiye, haɗarin ya faɗa shaye-shaye, ko ciwon damuwa, ko yunƙurin kashe kansa, ya ninka na wanda bai gamu da ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12. Yanzu ka ƙirga wa yaron maƙwabtanmu: rabuwar iyaye, ga rashin mai kula, ga duka saboda fitsarin kwance, ga gori. Ɗaya ce ƙaddara ta kawo masa. Sauran mu muka ƙara masa da hannunmu.

Akwai wani darasi da ya fito daga Landan lokacin yaƙin duniya na biyu. A farkon Satumba na 1939 gwamnatin Birtaniya ta kwashe yara dubbai ɗaruruwa daga manyan birane zuwa karkara don tsoron bama-baman Jamus. Niyya mai kyau ce. Amma Anna Freud da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham, waɗanda suka buɗe gidajen renon yara a unguwar Hampstead, sun lura da wani abu da ya ba mutane mamaki: ƙananan yaran da suka kwana a maɓoya tare da iyayensu mata, bam na tashi a kansu, sun fi natsuwa a kan waɗanda aka kai wuri mai aminci aka raba su da uwa. Wato yaro yana auna girman masifa ne da fuskar wanda ya dogara da shi. In fuskar tana nan, zai jure abu mai yawa. In aka ɗauke ta ba tare da bayani ba, ko a gidan sarki ka ajiye shi, a firgice yake.

Ba sai mun je Landan ba ma. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Damagaram, ya faɗa ƙarara cewa bayan saki riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙo ya koma hannun kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba duk inda yaron yake. Abu Dawuda ya ruwaito matar da ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta ce cikinta ne ya ɗauki ɗan nan, nononta ya sha, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Tirmizi kuma ya ruwaito gargaɗin cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama.

To daga ina muka samo "ajiye min 'ya'yana ki fita"? Daga al'ada da fushi da girman kai muka samo shi. Namiji yana ganin faɗuwa ce a ce ɗansa yana cin tuwon gidan surukai, ko a wayi gari ana kiransa agola. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, riƙe yaran yake yi don ya ƙuntata wa uwarsu, ko don ya huta da aika kuɗin abinci duk wata. Akwai kuma matan da su ma suke mayar da yaro makami, su hana shi gaida ubansa, su cika masa kunne da aibinsa. Yaron da ake zagin ubansa a gabansa, ko ake ce masa "halin uwarka ka ɗauko", rabin jikinsa ake zagi, kuma yana ji.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu daga ciki gaskiya ne. Za a ce wani zaman auren ya fi saki cutar da yaro. Haka ne. Gidan da kullum ake dambe da ashar, yara na rakuɓe a bayan ƙyaure, rabuwa rahama ce gare su, kuma Allah bai haramta saki ba. Za a ce matan uba nawa ne suka riƙe 'ya'yan kishiya tsakani da Allah har ba ka iya bambancewa. Na san irinsu, Allah ya saka musu. Za a kuma ce matar da aka saka ta koma gidan tsohon da shi ma da ƙyar yake cin sau biyu, ina za ta kai yara huɗu? Wannan ita ce hujja mafi nauyi, amma in ka duba da kyau, tuhuma ce a kan uban da ya ƙi sauke nauyinsa da kuma kotun da ba ta tilasta masa ba. Talaucin uwa bai kamata ya zama dalilin ƙwace mata ɗa ba alhali ga uban da shari'a ta ɗora wa ciyarwa yana yawo da sabuwar waya yana neman wani aure.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, yaro ba ya buƙatar duniya ta daidaita kafin ya warke. Wata masaniya mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rigimar gida da rabuwar iyaye. Amma a cikin waɗannan, ɗaya bisa uku sun zama mutane masu natsuwa da riƙe iyali. Da aka duba me ya haɗa su, sai aka ga kusan kowanensu ya samu wani babba guda da ya tsaya masa tsayin daka: kaka, ko inna, ko yaya, ko malami. Mu da muke cewa ɗa na kowa ne, wannan ai gadonmu ne. Tarihin Manzon Allah (SAW) kansa haka ya nuna: an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana ɗan shekara shida, kakansa ya rasu yana da takwas, amma a kowane mataki akwai hannun da ya karɓe shi, daga Ummu Aimana zuwa Abdulmuɗɗalibi zuwa Abu Ɗalibi.

Kuma dubi yadda shi ya ɗauki baƙin cikin yara. Ƙanin Anas ɗan Maliku yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaro ya shiga damuwa. Shugaban al'umma guda, da duk abin da ke gabansa, ya tsaya ya kira shi da alkunya: ya Aba Umair, me ya samu ɗan tsuntsun nan? Ranar da labarin shahadar Ja'afar ya iso daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, gidansa ya nufa, ya ce a kawo masa 'ya'yan Ja'afar, ya rungume su yana hawaye. Mu kuwa a gidan makoki, manya ake yi wa ta'aziyya a kan tabarma har sadakar bakwai, marayun suna can bayan gida an ba su kuɗin alewa don kada su dami mutane, wani ma an ce masa Baba ya yi tafiya. Sai ya shekara yana jiran dawowar wanda ke kabari.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. In aure ya ƙare, a zaunar da yaro a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: Umma za ta koma gidan Hajiya, ba laifinka ba ne, za ka riƙa ganinta ranar kaza. Wannan "ba laifinka ba ne" tana da muhimmanci, domin ƙaramin yaro yakan ɗauka rashin jinsa ne ya kori uwarsa. A bar shi ya yi sallama da ita, ko da zai yi kuka. Kukan sallama ya fi zaman dakali sauƙi. Kada a raba shi da 'yan ɗakinsu, kada a cire shi daga makarantarsa a tsakiyar zango in akwai yadda za a yi. Wanda ya koma fitsarin kwance ko ya daina magana ko ya fara faɗa da kowa, a ajiye bulala a tambaye shi abin da ke damunsa. Kukan kurciya jawabi ne. A sanar da malaminsa na boko da na allo abin da ya faru a gida, don su san da wa suke zaune.

Alƙalan kotunan shari'a da jami'an Hisba da masu unguwanni, waɗanda a gabansu ake ƙarasa yawancin rigingimun nan, su ma akwai nasu. Kada a rufe maganar saki sai an rubuta a takarda wa zai riƙe yara, nawa uba zai riƙa bayarwa duk wata, da ranakun da ɗayan zai gan su. Limamai kuma su ɗauki babin riƙon yara daga Risala su hau mumbari da shi ranar Juma'a, domin maza da yawa da ke sahun gaba ba su taɓa jin cewa hukuncin haka yake ba.

Yaron maƙwabtanmu kakarsa ta wajen uba ce ta cece shi. Da ta ga abin ya ƙi ƙarewa, ta sa aka mayar da shimfiɗarsa ɗakinta, ta hana kowa sake taɓa shi, ta kira ɗanta ta ce masa duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a kai yaron ya yini wurin uwarsa, kuma ba shawara take ba shi ba. Juma'ar farko ita da kanta ta yafa mayafi ta tare adaidaita ta kai shi. Fitsarin kwancen bai kai ƙarshen watan ba ya tsaya.