Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ba laifi yake goyon baya ba

Yana damuna yadda mutane da dama a Jos ke ɗauka cewa lauyan kare haƙƙin ɗan Adam da ya tsaya wa wanda ake tuhuma yana ɗaure wa laifi gindi ne, ko da yake na fahimci zafin da waɗanda aka cuta ke ji. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. A ce an kama matashi mai sayar da gwanjo a yankin kasuwar Terminus da ke Jos bayan tarzoma, ya kwashe wata uku a tsare, alhali sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Lauyan ne zai nemi a gurfanar da shi gaban alƙali, a kawo shaidu idan akwai.