Cikon azurfa a haƙori: ban goyi bayan a ruga a cire ba

Jama'a, tunda saƙonni suka fara yawo a WhatsApp cewa cikon azurfa guba ne, na ga hankalin mutane ya tashi, kowa na neman inda za a ƙwaƙule masa nasa. Ku dakata tukuna.

Gaskiya ne, kusan rabin cikon nan zaiba ce, sauran azurfa da kuza da tagulla, kuma sama da shekara 150 ke nan likitocin haƙori na aiki da shi. Miyau na cinsa a hankali, tauna na goge shi, zafi kuma na ƙara sa shi fitar da tururin zaiba. Wanda goro ba ya barin bakinsa, ya kora da shayi mai ƙuna, ko mai cizon haƙora cikin barci, nasa ya fi saki. In aka shaƙi tururin, huhu na ɗauke kusan kashi 80 cikin 100, jini ya kai shi ƙoda da ƙwaƙwalwa. Sai dai ga yawancin manya masu lafiya, abin da ke fita ɗan kaɗan ne.

Alhazai da Hajiyoyinmu, ku lura da nan. In haƙorin Makka na zinare yana taɓa cikon azurfa, ƙarfe biyu ne cikin miyau, kamar batir. Sai ka ji ɗanɗanon ƙarfe ko ɗan zugi, cikon kuma ya fi saurin lalacewa. Baƙin tabo a dasashi kusa da ciko galibi ɓurɓushinsa ne ya shige cikin nama, ba ya cutarwa, amma a nuna wa likita. Farin zane mai raɗaɗi a cikin kumatu, daidai inda cikon ke goga, wannan jiki ne ke ƙinsa, kuma a nan canji ya dace.

To me ya sa na ce kar a ruga? Lokacin da injin ke huda tsohon ciko, a nan ne tururin ya fi yawa, ga lafiyayyen haƙori da ake rasawa a banza. Hatta hukumar abinci da magunguna ta Amurka, da ta ce a 2020 a guji sa wa masu juna biyu, masu shayarwa, ƙananan yara da masu ciwon ƙoda, ta ce wanda ke zaune daram a bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne sabon ciko. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Minamata, ta ƙasashen duniya kan rage amfani da zaiba, tun 2018, Tarayyar Turai kuma ta hana sa sabon cikon azurfa daga 2025. Don haka ko Asibitin Malam Aminu Kano za ki, ko Murtala, ko na kuɗi, Hajiya ki faɗa wa likita in kina da ciki ko goyo, ki nemi ciko mai launin haƙori. Ya fi tsada, kuma a haƙoran turmi wani lokaci bai kai na azurfa daɗewa ba, amma da ɗana ne a kujerar, shi zan biya.